Gidan Ƙasa A Hannun Ɗan Haya

Tun daga ranar da na karɓi takardar kama aikin koyarwa a shekarar 2006 zuwa yau, sau bakwai ina ɗaure 'yan komatsaina ina tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan. Duk malamin makarantar da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki ya san abin da nake faɗa. Bana kana Kunci, baɗi a ce ka koma Tsanyawa, kafin ka gama sabawa da ruwan garin sai ka ji sunanka a Makoɗa, kuma ko'ina ka je abin da za ka fara nema, tun kafin ka san fuskokin ɗalibanka, shi ne ɗakin da za ka sa haƙarƙarinka. Saboda haka idan hirar masu gidajen haya ta tashi a ofishin malamai, ni ne kan gaba wajen zuba. Har gajeren labari na taɓa rubutawa na karanta a zaman wata-wata na ƙungiyarmu, inda na yi wa mai gidan haya ƙaton tumbi, da carbi a hannu, da mugunta a zuci, na sa ya watso wa wani bawan Allah kayansa waje ana tsakiyar sheƙa ruwa. An tafa mini ƙwarai a ranar. Wani dattijo ne kaɗai daga cikin 'yan ƙungiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, labari ya yi daɗi, sai dai ba ka bar mai gidan nan ya ce uffan ba." Na yi murmushi kurum, a raina ina cewa, to me yake da shi na faɗa?

Ashe ranar tana nan tafe da ni ma za a kira ni mai gidan haya.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗambatta, tafiyar kamar rabin sa'a a kan babur idan hanya ba ta yi yashi ba. Wanda bai san wannan ƙasa tamu ba, bari in ɗan kwatanta masa. Tun daga Kano har ka dangana da iyakar Jigawa ta wajen Kazaure, da wuya ka ga abin da za a kira daji. Gona ce ta kama gona, gida ya kama gida, sai ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaitsaye a cikin gonakin, kuma kowace bishiya da mai ita. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma ta Bayero, ya daɗe tun daga shekarun 1960 yana nazarin yadda mutanen karkarar Kano suke noma gona ɗaya kowace damina, ba hutu, amma ba ta mutu ba. Da Kawuna ya tambaya da ya taƙaita masa wahala, domin amsar ba ta wuce taki da hannun da ba ya gajiya ba. A irin wannan wuri ƙasa tana da tsada, ko ta shuka ce ko ta gini.

Mahaifinmu ya rasu a shekarar 2017. Da aka zo rabon gado, gonaki uku ne da gida, mu kuwa mu tara ne har da Inna. Gonakin aka sa igiya aka yayyanka, wani ma rabonsa bai kai rabin filin ƙwallon makarantarmu ba. Gidan kuwa aka ce a bar shi a dunƙule, ba za a sayar ba muddin Inna tana numfashi, ni da nake zaune cikin garin Ɗambatta in riƙa kula da shi. Ita Inna ta koma wurin Yaya a Kurna, cikin Kano, saboda ciwon ƙafa da kusancin asibiti.

Gida ne na ƙasa irin na da: zaure, da shigifa, da ɗakuna uku na soro, da ɗaya da Baba ya rufe da kwano a ƙarshen rayuwarsa. A tsakar gida akwai darbejiyar da ya dasa a shekarar da aka haife ni. Yaran yanzu da suka tashi cikin bulo da siminti ba su san cewa gidan ƙasa ba a kulle shi a tafi ba. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau sama an duba inda ya tsage an cike, an kwashe ganye da ƙurar da iskar hunturu ta tara a bakin indararo, domin in indararo ya toshe ruwa zai kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasar rufin har ta fi ƙarfin azara. Bayan shekara biyu ko uku kuma a yi yaɓe. A da ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya. Baba bai taɓa bari damina ta same shi bai hau soro ba, har sai da tsufa ya hana shi taka tsani, sa'an nan ya koma tsayawa a ƙasa da sanda yana nuna mana.

Shekara biyu da 'yan watanni gidan yana rufe. Gara ta fara cin ƙofar shigifa, ɓeraye suka yi gari a ɗakin Inna, yaran unguwa suka mai da katangar baya hanya. Sai Kawu ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, gidan da ba a hura wuta a cikinsa kango ne. Ka sa mutum."

A nan sai in faɗa wa mai karatu cewa lokacin ƙuruciyarmu kalmar haya ba ta da wuri a ƙauyenmu. Baƙo in ya zo, mai unguwa ne zai nema masa masauki, a ba shi ɗaki a zaure ko a shigifa, in ya ga dama ranar kasuwa ya kawo wa masu gida goro ko gishiri. Mutum ya karɓi kuɗi don wani ya kwana a ɗakinsa, abin a yi da shi ne a bakin rijiya. Amma zamani ya juya. Makarantu sun yawaita, ga ƙananan asibitoci, ga 'yan hidimar ƙasa, ga ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta masu neman ɗaki mai sauƙi. Daga baya kuma sai ga wani irin baƙo da ba mu saba da shi ba, wato wanda 'yan bindiga suka raba da garinsu.

Irin wannan baƙon Kawu ya kawo mini a farkon shekarar 2020. Mutum ne dogo, marar yawan magana, daga wani ƙauye na wajen Batsari ta jihar Katsina, da matarsa, da 'ya'ya biyar, da tsohuwarsa. Muka zauna a zaure ni da shi da Kawu da mai unguwa. Aka yanke Naira 30,000 a shekara. Aka raba goro, aka yi fatiha, na miƙa masa makulli. Ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Ni da nake cin abinci da alli da biro, ni da nake ɗauke da katin ƙungiyar marubuta a aljihu, sai na ji nauyin in zaro takarda a gaban mutumin da ya baro gonarsa da kabarin ubansa. Na ga kamar cin fuska ne. Ban gaya masa abin da ke kansa ba, shi ma bai tambayi abin da ke kaina ba.

Shekara huɗu muka yi lafiya lau, in dai lafiya ita ce rashin jin kanmu. Da damina yana noma wata 'yar gona da ya karɓa haya, da rani ya tafi ci-rani kudu. Kuɗina suna zuwa ta hannun Kawu, wani lokaci a dunƙule, wani lokaci a gutsure, ni kuma in aika wa Inna rabi, sauran in toshe ramukan da albashi ya bari. In na je ƙauye nakan tsaya a zaure mu gaisa, yara su kawo ruwa, in tambayi mutanen gida, in hau babur ɗina. Ban taɓa wuce shigifa ba. Wannan wani abu ne da masu ba da shawarar "ka riƙa leƙa gidanka" ba sa lura da shi: a ƙasar Hausa namiji ba ya kutsa kai gidan da matar wani take ciki, ko da kuwa a cikin gidan aka yanke masa cibiya. Ranar da ka miƙa makulli, zaure ne iyakarka.

Wata Lahadi cikin watan Agustan 2024, ina kasuwar Ɗambatta ina cinikin gero, sai wayar Kawu ta shigo. An kwana ana ruwa, irin mai sanyin nan da ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Ya ce, "Ka zo yanzu. Ɗakin mahaifinku ya zauna." Na ce, "Akwai wanda ya rutsa da shi?" Ya ce, "Mutum dai babu."

Da na isa aka yi mini sallama da matan, suka shige ɗakin kwano, na shiga gidan da rabona da cikinsa tun ranar fatihar nan. Wallahi da ba don zauren ba da sai in ce ɓatan kai na yi. Rufin ɗakin Baba ya rufta tsakiya, azara uku sun karye, sama tana leƙo ciki. A ƙarƙashin ƙasar ga ƙafar akuya ta fito. Da na dubi daɓen da ya saura sai na ga turaka huɗu a kafe, kashin awaki ya yi kauri kamar a garke, fitsarinsu ya ci gindin bango ya shiga kusan rabin kaurinsa. Wato ɗakin da Baba ya yi shekara arba'in yana karatun asuba a ciki, ɗakin da aka yi masa wanka, shi aka mayar turken awaki. Ɗakin Inna kuwa ya zama madafa, azararsa ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tagogi biyu da ke kallon waje an toshe su da tubali an yaɓe. Ƙaramar ƙofar baya, wadda muke bi mu je gona, ita ma an liƙe ta. Na ɗaga kai in dubi indararo, sai na ga har ciyawa ta tsiro a bakinsa. Sai da na juyo tsakar gida sa'an nan na gane abin da ya sa wurin ya yi mini fayau tun shigowata: darbejiya babu ita, sai kututture iya gwiwa.

Shi mutumin yana tsaye gefe, laka har cinya, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ƙaddara ce." Abin da na mayar masa ba zan rubuta shi a mujallar da ɗalibaina za su iya karantawa ba. Na dai tuna na ce masa mun yi masa rana ya yi mana dare, na kuma ba shi kwana bakwai. A cikin ruwa, a watan Agusta, da tsohuwa da yara biyar. Sai da na hau babur na kama hanya sa'an nan na tuna inda na taɓa ganin mutumin da ya yi irin wannan magana. Tumbin ne kawai ba ni da shi.

Da dare Yaya ya kira daga Kano, ransa ya fi nawa ɓaci. Ya ce gobe in kai ƙara wurin 'yan sanda, in ba haka ba shi zai zo ya kai kotu, a sa mutumin ya biya ko a sayar da abin da ya mallaka. Ya ce a birni ba a wannan sakarcin, dillali yakan karɓi kuɗin ɓarna tun kafin a ba da makulli. Gaskiya ne, ana haka a Abuja da Ikko da wasu unguwannin Kano. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ma ya taɓa gaya mini cewa a can tun shekarar 2007 doka ta wajabta a damƙa irin wannan kuɗi ƙarƙashin kulawar wata hukuma ta daban, wadda za ta raba gardama in an zo fita, kuma daga 2019 aka ƙayyade kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar a yawancin gidaje. Tsari ne mai kyau. Amma wane kuɗin ɓarna zan nema wurin wanda ya zo da tabarma uku da tukunya biyu? Ko da na karɓa ma, hayar mako biyar a gidanmu ba ta sayen azara ɗaya.

Maginin da na kai ya duba ya ce in za a tayar da ɗakin da bulo da kwano sai an tanadi abin da ya haura Naira 600,000, domin a farkon shekarar 2024 ne buhun siminti ya tsallake Naira 10,000. In kuwa da ƙasa za a mayar, azara ce matsala, saboda giginya ta yi ƙaranci, amma Naira 170,000 za ta yi. Duk kuɗin hayar da na karɓa cikin shekara huɗu ba su kai haka ba.

Maiɗakina ce ta ce kafin a kai ko'ina in bari ta je. Ta wuni a gidan, ta dawo da magariba jikinta a sanyaye. Abin da ta jiyo daga bakin matar shi ne wannan. A garinsu da dare aka zo aka kore musu shanu shida daga turke a tsakar gida, aka harbe ƙanen mijin a bakin ƙofa. Tun daga ranar tsohuwar ba ta iya barci in dabba tana waje, ko taga tana buɗe, ko gida yana da ƙofa biyu. Awakin nan huɗu su ne duk abin da suka tara tun zuwansu, shi ya sa suke kwana a ɗaki mai sakata. Darbejiya kuwa, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta har itacen girki, sai suka fara da rassa, reshe ya ja reshe har aka kai gindi. A 2024 kuma mijin bai samu kuɗin motar dawowa daga kudu da wuri ba, sai da shuka ta fito ya iso, ya wuce gona kai tsaye, soro bai ko faɗo masa a rai ba. Ta ƙara da cewa matar ta ce kowace shekara suna cewa bana za su koma gida.

Wannan bai mayar da azara ɗaya mazauninta ba, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa raina ya yi fari ba. Amma na janye maganar kwana bakwai, na roƙi Yaya ya bari a fara zama a gaban mai unguwa.

Aka zauna ranar Juma'a bayan an sauko, a zauren mai unguwa, da liman, da Kawu, da magini. Na zayyana ɓarna ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Da na gama sai liman ya gyara zama ya ce shi ba alƙali ba ne, amma zai faɗi abin da ya karanta. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ɗan haya amintacce ne a kan abin da aka ba shi. Abin da ya lalace don tsufa ko don ruwan sama, babu biya a kansa, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Gyaran gini kuwa na mai gida ne, ko da yake ba a tilasta masa, sai dai in ya ƙi har zama ya gagara, ɗan haya yana da damar fita. Ya ce a cikin Muhtasar, Shaihu Halilu, wanda ya rayu a Masar tun ƙarni na 14, ya kawo maganar yaɓe da yashe masai a babin haya, ya nuna ya halatta a sharɗanta su tun farko, yaɓen a cire shi daga kuɗin haya. Inda ba a sharɗanta komai ba, sai a koma ga al'adar gari. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, me kuka rubuta?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ba mu rubuta ba." Ya ce, "Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku da kuke koya wa yara rubutu." Aka yi dariya, ban da ni.

Mai unguwa ya tambayi magini, tsakaninsa da Allah, me ya kayar da ɗakin. Magini ya ce abu uku ne suka taru. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta. Gindin bango ya ciwu da fitsarin dabba. Na uku kuma, ya ɗan saci kallona, rufin ya yi aƙalla shekara bakwai bai ga sabuwar ƙasa ba, duk ya tsattsage, ko da indararo a buɗe yake da wuya ya ƙara damina biyu. Shekara bakwai, wato tun rasuwar Baba. Wato tun ranar da aka ce ni ne mai kula.

A kan indararo aka fi ja. Ni na ce wanda yake kwana ƙarƙashin rufi shi ke share shi, haka muka tashi muka gani. Shi ya ce bai musa ba, a garinsu ma haka ne, amma a garinsu gidansa ne, a nan kuwa bai san ko yana da izinin hawa soron mutane ba, ga shi daga sama ana hango cikin gidajen maƙwabta. Na so in ce wannan hujjar bayan fage ce, amma mai unguwa ya ce maganar tana da kama, baƙo ba ya hawa soro sai an yi masa iso.

Kawu ne, wanda ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba, ya faɗi abin da har yanzu nake juyawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan maganar gonar haya ce. Wanda ka ba gona ta shekara ɗaya, ka taɓa ganin ya kai mata mangalar takin gida? Ba zai kai ba, don ya san ƙarfin takin gida sai shekara ta biyu da ta uku, lokacin wataƙila ka karɓe abarka. Na zamani zai barbaɗa ya kwashe amfaninsa. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. In kana son ya kai taki, sai ka ce masa shekara uku ba mai tashinsa. Yaɓe shi ne takin gida. Amma itace, ko a gona ko a gida, na mai ƙasa ne. Ɗan haya ko kalwa ba ya tsinka sai an ba shi."

A kan haka aka yanke. Azara da kuɗin magini nawa ne, ni da 'yan uwana. Tubali da ɗibar ƙasa da kwaɓi da aikin lebura duk nasa ne, shi da babban ɗansa, in rani ya yi. Zai buɗe tagogin, ya kankare kunkunniya, ya fitar da awaki, ni kuma in yarda ya yi musu ɗan ɗaki mai ƙofa a kusurwar gida. Darbejiya aka yi mata kuɗi Naira 25,000, zai biya a hankali. Ƙofar baya ya roƙa a bar ta a liƙe saboda tsohuwa, na ce a bari. A wannan karon na zaro takarda. Na rubuta da boko, liman ya juya da ajami, muka sa hannu, shi ya dangwala yatsa. Muka sa cewa share indararo nasa ne kowace shekara kafin ruwa, kuma an yi masa izinin hawa. Yaɓe nawa ne duk shekara biyu. Maiɗakina za ta riƙa shiga ta duba sau biyu a shekara. Hayar kuma ta shekara uku ce, ba mai tashinsa in bai saɓa ba. Duka-duka layi goma sha ɗaya ne.

Akwai abin da ban faɗa a zauren ba, amma tunda na ɗauki alƙalami bari in sauke shi. A shekarar 2009, ina koyarwa a Tsanyawa, na zauna a ɗakin wata tsohuwa. Na sami katako na kafa shi da manyan ƙusoshi a bangon ƙasa don in jera littattafai, nauyinsu ya tsaga bangon tun daga sama har ƙasa. Risho ɗina kuma ya mai da kusurwa ɗaya baƙa. Da canji ya zo na rataya kalanda a kan tsagar, na ba wani yaro makulli ya kai mata, na hau mota da sassafe. A lokacin ban ɗauke shi ɓarna ba, na ɗauka ai na biya haya. Da na je nemanta bayan wannan rigima aka ce ta rasu da daɗewa, ɗakin ma babu shi.

Da kaka ta wuce mutumin bai tafi ci-rani ba. Shi da ɗansa suka buga tubali a bakin kududdufi, suka yi ta jigila da baro. Na sayar da buhunan gero biyu, Yaya ya aiko da nasa kason tare da dogon faɗa, ƙannenmu mata suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Kafin azumin 2025 ɗaki ya tashi. Daga kuɗin darbejiya ya kawo Naira 14,000 a karo uku, saura 11,000. Ban tambaya ba, shi ma bai tayar ba, amma duk sanda Yaya ya kira sai ya tambaya, ya kuma maimaita cewa ranar da ta Allah ta kasance a kan Inna sayar da gidan za a yi kowa ya huta.

Ita Inna mun ɓoye mata, sai da aka gama gini aka gaya mata rabi. Da Babbar Sallah ta ce sai an kawo ta. Na tsaya a zaure, ta dogara sandarta ta shiga, ta daɗe a ciki har na fara jin muryarta da ta tsohuwar suna hira kamar sun san juna. Da ta fito ta kira babban yaron ta ce ya samo ƙaya ya kewaye kututturen, domin ta ga ya yi toho, kada awaki su cinye. Ba ta ce da ni komai ba har muka shiga mota. Sai da muka hau kwalta, mun kusa Ɗambatta, sa'an nan ta ce, "Tagar ɗakin mahaifinku ba a nan take ba. Gabas take kallo."